Yadda Na Koyi Tuƙin Kwale-Kwale Bayan Na Rabu Da Farfaɗiya

Abubuwa huɗu aka haramta mini tun ina ɗan shekara bakwai: wuta da rijiya da keke da hawa bishiya. Ruwan rafi kuwa ba a ma sa shi cikin lissafi ba, domin ba wanda ya taɓa zaton zan kusance shi. Wannan doka ta Inna ce, ta kafa ta a shekarar 2007, ranar da na faɗi a filin makarantarmu ta firamare a Agege ina fisge-fisge, kumfa na fita daga bakina. Ni ban san abin da ya faru ba. Abin da na sani shi ne da na farfaɗo na ga yara sun yi da'ira daga nesa, ba wanda ya matso, don an gaya musu duk wanda yawuna ya taɓa shi ma ya kamu. Wannan magana ba gaskiya ba ce, farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko ta taɓawa, amma a dalilinta na yi shekara uku ina zaune ni kaɗai a kan benci.

Da yake mu ɗaliban harshe ne, bari in ɗan tsaya a kan sunan cutar. Kalmar farfaɗiya daga faɗuwa ta samo tushe, an maimaita gaɓar farko don nuna abin da ke faruwa a kai a kai. Maƙwabtanmu Yarabawa suna kiran ta warapa. A gidanmu kuwa ba a kiran ta da kowane suna, sai dai a ce "ciwon nan nasa", kamar dai ambaton sunan zai tayar da ita. Wasu 'yan uwa sun ce iska ce, aka yi turare, aka yi rubutu, aka yi tofi. Akwai ranar da wata maƙwabciya ta cusa mini cokali a baki wai don kada in haɗiye harshena, har yau haƙorina na gaba a ɓantare yake. Mutum ba ya haɗiye harshensa, mai karatu. Abin da ake buƙata shi ne a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe, kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, sannan a duba agogo. Idan abin ya wuce minti 5, sai asibiti.

Kawuna, ƙanin Inna, shi ya dage aka kai ni asibiti. Aka manna mini wayoyi a kai aka auna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, likita ya bayyana mana cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika saƙo da wani ɗan lantarki, idan kuma ya barke ba tsari shi ne mutum ke faɗuwa. Aka ɗora ni a kan maganin carbamazepine, safe da dare. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani daidai. Allah ya sa ina cikinsu. Faɗuwata ta ƙarshe a 2011 ce, a 2014 likita ya fara rage mini maganin kaɗan-kaɗan har na daina. Sai dai maganin ya ƙare, dokar Inna ba ta ƙare ba. Na shiga jami'a ban iya hawa keke ba.

A shekarar 2022 malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Zaman gida ya ishe ni, sai na riƙa bin Kawu Makoko inda yake sarin bandar kifi yana aikawa Arewa. A nan na fara ganin masuntan Egun da kwale-kwalensu. Duk wanda ya taɓa bi ta gadar Third Mainland da safe ya hango su, kamar fararen tsuntsaye a kan ruwa. Idan ka matso kusa sai ka ga farin abin nan buhuna ne aka farke aka ɗinke su wuri guda, aka rataya a jikin gora biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya a karkace. Ban sami sunan da kowa ya yarda da shi ba a Hausar da na tashi da ita, don haka ni zanen iska nake kiran sa. Ba inji, ba mai, sai iska kawai take tura mutum da kayansa. Na yi mako biyu ina kallo kafin in iya buɗe baki in ce wa wani dattijo da Kawu ke sayen kifi wajen matarsa ina son ya koya mini.

Kafin komai sai da na koma wajen likita. Ya duba katina ya ƙirga, shekara 11 ban faɗi ba, takwas daga ciki ba magani. Ya ce a ƙa'idar da likitocin wannan fanni suka fitar a 2014, wanda ya yi shekara 10 bai faɗi ba, kuma biyar na ƙarshe ba ya shan magani, ana ɗaukar cutar ta kau daga gare shi. Amma ya ƙara da cewa wannan ba alkawari ba ne cewa ba za ta taɓa dawowa ba, kuma masu farfaɗiya sun fi sauran mutane haɗarin nutsewa nesa ba kusa ba. Tsoron Inna ke nan, kuma a nan tana da gaskiya. Ya gindaya mini sharuɗɗa: in fara koyon iyo a gaban mai lura, in sa rigar ceto kullum, kada in shiga ruwa ni kaɗai, kada in shiga ranar da ban yi barci sosai ba, kuma in gaya wa mai jirgin gaskiya.

Wannan na ƙarshe ya fi mini wuya. Na saba da yadda fuskar mutum ke sauyawa idan ya ji. Da Yarabanci da ɗan Turancin kasuwa na yi wa Baba bayani, ina kallon ƙasa. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni, "Malam, idan ta zo, tana sallama?" Na ce tana yi, nakan ji wani abu na tasowa daga cikina zuwa ƙirji, in ji wari kamar na ƙonewar roba. Ya ce to, idan na ji haka in kwanta a tsakiyar jirgi in bar masa sauran. Shi ke nan, bai ƙara komai ba. Dariya kawai ya yi wa rigar ceton da na sayo, ya ce na yi kama da lemon zaƙi.

Watan farko ban taɓa igiyar zanen ba. Aikina kwashe ruwa da yankakken galan, da koyon zama a tsakiya ba tare da karkata jirgi ba, da tura gora a inda ruwa bai da zurfi, wanda shi ne mafi yawan wannan tafki. Sannan aka ba ni filafili in zauna a baya, domin da shi ake juya akalar jirgi. Sai a wata na uku ya miƙo mini igiyar, tare da doka guda da ya yi ta nanatawa: ba a ɗaure ta. A hannu ake riƙe ta, idan iska ta yi ƙarfi a sassauta zanen ya zubar da ita, idan ta yi sanyi a ja. Ya koya mini in gane zuwan iska daga nesa, inda fuskar ruwa ke yin duhu tana yamutsewa. Da damina iskar kudu maso yamma ce ke kaɗawa, ita ke kai mu cikin tafki cikin sauƙi. Amma irin wannan jirgi ba shi da abin da zai riƙe shi a ƙarƙashin ruwa, saboda haka ba ya iya tunkarar iska, sai dai ya bi ta ko ya ratsa ta a kaikaice yana zamewa. Idan ba ta juya ba, dawowa sai da ƙarfin damtse. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Baba ma gabas yake kallo idan yana tsoron hadari, kamar yadda kakata ke yi idan mun je ganin gida.

Ranar da ba zan manta ba ta zo a watan Agusta. Mun yi nisa, gadar ta zama kamar zare, igiya na hannuna, sai na ji abin nan yana tasowa daga cikina. Nan take kuma na ji warin hayaƙi. Jikina ya mutu. Shekara 11 na yi ina jiran wannan rana, ga ta ta zo mini a tsakiyar ruwa. Na saki igiya, zane ya shiga kaɗawa, na kwanta a ƙasan jirgi cikin ruwan ƙarnin kifi, na rufe ido ina salati, ina tunanin yadda za a kai wa Inna labari, ita da ba ta ma san ina zuwa nan ba. Na ji Baba ya kama igiyar, ya ɗora ƙafarsa kusa da kafaɗata, ya soma ƙirga da ƙarfi da yarensu. Ina jin ƙirgar, ina jin ta, har na lura cewa ai ina jin ta, alhali a da ban taɓa sanin abin da ke biyo baya ba. Sai kawai na ɗaga kai na kelaya amai a gefen jirgi. Ashe jirin ruwa ne, ga kunun da na sha da safe, hayaƙin kuma na masu bandar kifi ne iska ta kwaso.

Baba ya jira na wanke baki, sannan ya sake miƙo mini igiyar. Na ce ba zan iya ba yau. Ya ce shi hannunsa ya gaji, idan ban karɓa ba sai mu kwana a nan. Na san ƙarya yake yi, mutumin da ke jan koma tun asuba. Na karɓa hannuna na rawa, na ja a hankali har zanen ya cika, jirgi ya ɗan kwanta ya soma tafiya, ruwa na ƙara a ƙarƙashinsa.

A daren nan na gaya wa Inna komai. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba, Kawu kuma ya sha faɗan da bai taɓa sha ba. Ni ban ga laifinta ba, ita ce ta yi shekara huɗu tana kwana da kunne ɗaya a buɗe. A rana ta huɗu ta kira ni ta ce in kawo mata rigar ta gani. Ta juya ta, ta ja maɗaurin da ƙarfi, ta ga ɗinkin ɗaya ya fara saki. Ta ɗauko allura da zare mai kauri ta zauna ta ɗinke shi sau biyu, ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba, ta ce, "Ka ce wa tsohon nan ina gaishe shi. Kuma kada ka ƙara shan kunu kafin ka shiga."