Ranar da baki na ya karkace

Mai karatu, ka sha ganin irin wannan fitowar a finafinan mu: kishiya ta je wurin boka, ko wani ya ci dukiyar maraya, sai a saki kiɗan tsoro, gari na wayewa baki ya koma gefe guda, miyau na zuba. 'Yan kallo su ce, "Alhaki ne!" Ni kai na na sha yaba wa 'yan wasa a wannan shafi a kan sun iya murguɗa baki. To, a wannan watan ba sharhin fim na kawo maka ba, abin da ya same ni zan ba ka labari.

Cikin hunturun bara na tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu bikin wani ɗan'uwa. Da yamma mu ka zaga bakin Matan Fada, inda a ke gasar kamun kifi. Da dare na ji bayan kunne na na dama ya na ciwo, ban kula ba. Da asuba wurin alwala na guntsi ruwa, sai ya tsiyaye ta gefen baki. Na duba madubi: baki ya ja hagu, girar dama ta ƙi ɗaguwa, idon dama kuma ya ƙi rufuwa.

Kaka ta na gani na ta ɗora hannu a ka. "Wanga yaro, mi ya kai ka bakin gulbi da magariba? Mutanen ruwa sun mare ka!" Nan aka shiga hayaƙi da shafe-shafe. Wallahi ban musa ba, domin abin da na saba gani a fim ke nan. Kwana biyu na yi a haka, sai wani aboki na ma'aikacin jinya ya bugo waya. Ya tambaya ko hannu da ƙafa na aiki, na ce lafiya lau. Ya ce, "Yau ɗin nan ka shigo mota, kada ka kwana."

A asibiti a Birnin Kebbi likita ya gwada jini na da suga, ya leƙa kunne, ya sa na yi murmushi, na ɗaga gira. Sannan ya ce jijiya ce. Jijiyoyi 12 ne ke fitowa bibbiyu daga ƙwaƙwalwa, ta 7 ita ke motsa fuska. Ta na bi ta wata 'yar siririyar kafa cikin ƙashi kusa da kunne, to idan ta kumbura sai ƙashin ya matse ta, ɓarin fuska ya saki. Ana kiran ciwon da sunan Charles Bell, likitan Sikotlan da ya yi bayanin aikin jijiyar a 1821. Masana na zargin ƙwayar cutar nan mai fesa ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, kuma ya fi kama masu ciwon suga da masu juna biyu.

Ya rubuta mani ƙwayar prednisolone ta kwana 10, ya ce ta fi amfani idan aka fara cikin awa 72. Ka ga saura ƙiris na makara. Kusan mutum 7 cikin 10 na warkewa sarai ko ba magani, amma maganin na ƙara yawan masu warkewa. Wa zai so ya faɗa cikin ukun da su ka rage?

Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne ido. Ni baki na ke ji wa kunya, ashe ido ne ke cikin haɗari. Idon da ba ya ƙiftawa bushewa ya ke yi, ga ƙurar hunturu, sai gyambo ya fito a baƙin ido, daga nan tabo, wani ma ya rasa gani. Aka ba ni maganin ɗigawa na rana, da na shafawa na dare, in manne fatar idon da filasta kafin barci, in sa tabarau idan zan fita. Aka hana ni zuba kowane irin tsimi a ciki. Ka duba fa, mai sharhin fim ba ido!

Ga abin da na ke so ka riƙe. Ba duk karkacewar baki ce irin tawa ba. Idan baki ya karkace amma gira na ɗaguwa, ko hannu da ƙafa sun saki, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya asibiti a take. Kunne mai zubar da mugunya da kuturta ma kan taɓa wannan jijiya. Likita ne kaɗai zai bambance.

Bayan mako uku gira ta ta fara motsi, cikin wata uku fuska ta koma daidai. Addu'ar kaka ban bar ta ba, na haɗa da magani. Amma kallon da mutane su ka riƙa yi mani ya fi ciwon zafi. Har wani ya tambaye ni, cikin wasa wai, hakkin wa na ci.

Rambo da mu ke so, wato Sylvester Stallone, tun ranar haihuwar sa a 1946 ƙarfen da aka jawo shi da shi ya lalata masa jijiyar fuska, shi ya sa bakin sa ya ke a haka. Angelina Jolie ma ta bayyana a 2017 cewa irin ciwo na ya same ta. Alhakin wa su ka ɗauka?

Don haka ina roƙon marubutan mu da daraktoci: ku nemi wata hanyar hukunta mugu a fim. Akwai matar da ke zaune a ƙauye yanzu, bakin ta ya karkace, ta ɓuya a ɗaki don kada a ce asiri ne ya koma mata, kwana ukun ta na wucewa, idon ta na bushewa. Fim ɗin ku ta kalla. Ko sau ɗaya ku nuna mata wadda aka kai asibiti ta warke.

Allah ya ba marasa lafiyar mu lafiya, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.