Raƙumin da ba shi da akala

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma mu mutanen Ƙwanni da Adar tafiya guda muka gada, ita ce ta bida. Da an ɗauke amfanin gona, samari su ɗaure kaya su nufi Abijan, Ikko, Kotonu ko Lome. In Allah ya yarda su komo da faɗuwar ruwan shuka. Mahaifina, Allah shi jiƙan shi, ya yi rani 12 yana tallar yadi a Abijan, tsakanin Ajame da Tirashbil. Wata rana, lokacin ina lise, na tambaye shi yadda teku take. Ya ce mini: "Na gan ta ta tagar mota. Wanda ya tafi neman hatsi ba shi tsayawa kallon ruwan da ba a sha."

Wannan magana ta faɗo mini a rai bana, ranar da ɗiyata ta fari, mai shekara 9, ta kawo mini wayar uwarta. Cikin wayar ga wata baƙar mace tsaye bisa dogon allo, teku ta ɗauko ta tana gudu da ita zuwa gaɓa. Khadjou Sambe ce, ɗiyar masuntan Lebu na Dakar, mace ta farko a Senegal da ta mayar da wannan wasa sana'a. Yarinyar ta ce: "Baba, mi take hawa?" Na ce raƙumin ruwa, domin haka Bahaushe ke kiran igiyar da ke tasowa ta yi tozo. Ƙanenta mai shekara 6 ya ce: "Mu ma a kai mu." Na ce to, irin "to" ɗin da uba ke faɗi don a bar shi shi sha iska. Sai dai yaro ba shi mance alkawari. Da suka dame ni kwana uku, na ɗauki bik da takarda na shiga lissafi.

Tambaya ta farko, ina za a je? Tekun da ta fi kusa da mu tana kudu. Daga Ƙwanni a tsallaka Illela ta Nijeriya, a bi ta Sakkwato har Ikko, inda akwai gaɓar Tarkwa Bay da ake zuwa cikin kwalekwale, samari na hawan igiya can. Amma a watan Janairu na 2020 sojan ruwa sun tashi mazauna wurin, kuma tafiyar kwana da kwanaki ce cikin mota da ƙananan yara. Ta wajen Kotonu kuwa, an rufe iyakar Gaya a 2023. Sai hankalina ya koma ga Ngor, wani ɗan tsibiri da ke gaban Dakar, wanda tsallakawa zuwa gare shi cikin kwalekwale ba ta wuce ƴan mintoci. Babu mota bisa tsibirin. Igiyarsa ta yi suna a duniya tun 1966, da aka nuna ta cikin wani fim na Amurka mai suna The Endless Summer. Ga kuma sauƙi guda: sefar da ke aljihuna ita ce kuɗin Senegal, ba sai na nemi ɗan canji ba.

Ta biyu, yaushe? Babban hutun lakwal ya faɗo cikin damana, lokacin da kowane hannu ke gona, kuma igiyar Ngor ta fi kyau cikin watannin ɗari. Saura hutun Disamba ke nan, mako biyu. Na kuma gano cewa igiyar tsibirin bisa duwatsu take karyewa, ta gwanaye ce. Masu koyo a gaɓar Yof ake kai su, inda ƙasan ruwa rairayi ne.

Ta uku ita ce mai wuya, kuɗi. Hanyar ƙasa ta Burkina da Mali, da irin rashin kwanciyar hankalin da Sahel ya shiga tun 2012, mai hankali ba shi bin ta da iyali. Dole mu yi kilomita sama da 400 cikin kar zuwa Yamai, sannan jirgin sama. Da na haɗa kuɗin jirgi na mutum huɗu, zuwa da komowa, da masauki da abinci da hayar allo da ladan mai koyarwa, sai na ga albashina na watanni da dama ya tafi. Alhali ƙanena da ke noman albasa a Galmi yana jiran in kama mishi da kuɗin taki da na man injin ban ruwa, kuma rumbun Inna ba kullum yake kai mu sabon hatsi ba.

Da na kai zancen fada wajen shayi, abokai suka yi mini ca. Wani ya ce hutu a bakin teku al'adar Annasara ce, boko ne ya juya mini kai. Na ce masa tun 1834 wani matafiyi ɗan Birtaniya ya rubuta cewa ya ga yaran Ankara ta ƙasar Gana suna kwanciya bisa ƴan alluna, igiya na kawo su gaɓa. Wasan ya daɗe a hannun baƙar fata kafin a shigar da shi wasannin Olimpik na Tokyo a 2021. Ya yi shiru, amma na san inda maganarsa ta dosa: a garin da maƙwabci ke neman tiyar hatsi, kashe dukiya wajen wasa abu ne da ke son tunani. Ban da amsar da ta gamsar da ni kaina.

Uwar yaran ce ta warware mini. Ta duba takardar tawa ta ce: "Maigida, lissafi ya yi kyau, amma ka tsallake abu guda. Wa ya iya iyo cikinmu?" Jikina ya yi sanyi. Babu ko ɗaya. Ni da na tashi kusa da Maggiya da madatsar Mozage, iyaka ta gwiwa. Muna aji biyar wani abokina ya shiga tabki bayan ruwan Agusta, bai fito da rai ba. Tun ranar aka yi mana iyaka da ruwa da bulala. Haka muke yi: mu hana yaro kusantar ruwa, shi kuwa ya saci jiki ya tafi, ba tare da ya san yadda zai ceci kansa ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300.000 ruwa ya ci a 2021, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ce ke gaba. Kowace damana muna jin irin wannan labari tsakanin Malbaza, Badagishiri da Illela, mu ce ƙaddara, mu yi addu'a, mu jira na gaba.

Saboda haka na sake takardar. Bana ba mu zuwa Ngor. Ƙanena zai samu takinsa. A babban hutu yaran za su sauka gidan kawunsu a Yamai, a sa su wurin koyon iyo mai tsabta da mai kula, domin ruwan tabki da na madatsa akwai tsargiya. Ni ma zan shiga tare da su, ko da za su yi mini dariya. Na kuma shiga adashi, kowane wata ina zuba abin da ya sawwaƙa da sunan tsibirin. Na gaya wa ɗiyata gaskiya: ranar da ta iya ratsa ruwa daga gefe zuwa gefe ba a riƙe ta ba, ranar zan fara neman takardun tafiya. Ta yi fushi kwana ɗaya, washegari ta tambaye ni kwana nawa ya rage a yi hutu.

Wadda na fi jin tsoro ita ce Inna. Da na je gaishe ta na kwashe labarin duka na faɗa mata, kaina a sunkuye. Ta ce: "Raƙumin da ba shi da akala za ka ɗora mini jikoki?" Na ce sai sun iya iyo, Inna. Ta daɗe tana jan tasbaha. Can ta ce: "To, Allah shi kai ku lafiya. In kun je, ku ɗebo mini ruwan cikin kwalba, in ga abin da malam ya zauna kusa da shi rani 12 bai taɓa ba ni labarinsa ba."

Na rubuta kwalbar a ƙasan lissafi. Ita kaɗai ce ba ta da kuɗi a gabanta. Allah shi nuna mana lokacin da rai da lafiya.