Mashigan Gulbin Kabi, Jiya da Yau

Duk wanda ya tsaya a bakin tudun Birnin Kebbi a watan Satumba ya dubi arewa maso yamma, da wuya idonsa ya kai ƙarshen ruwa. Fadamar Rima ce shimfiɗe, faɗinta kilomitoci, shinkafa tsaye cikin ruwa har wuya. Haka take a Argungu. Garuruwan biyu suna gefe guda, ƙasar Arewa da Kangiwa da Kamba suna wancan gefe, kuma tun da aka kafa su babu wata damina da ta zo ba tare da mutane sun yi shawarar yadda za su ƙetare ba.

A zamanin kakanni, rani ne lokacin tafiya. Ruwa ya ja baya, mashigi ya fito, jakuna da raƙuma su ratsa ruwa iya gwiwa. Fataken da ke ɗauko gishiri daga Fogha, da masu dawowa da goro daga Gwanja, duk sun san wannan lissafi, suna kuma tsara tafiyarsu a kansa. Wanda damina ta rutsa da shi sai ya sauke kaya a bakin gulbi ya jira fito. Kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya shi ne abin hawa. Inda babu shi, sai a kawo babban gora, a zuba kayan matafiyi a ciki, ya rungume shi, mai fito yana iyo yana tura su har gaci. Shanu kuwa da kansu suke ninƙaya, makiyayi na gaba yana kiransu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a daminar 1853 kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu, kuma fadamun ƙasar nan sun ba shi wahala kamar yadda suke ba kowa.

Kabawa ba su ɗauki wannan ruwa a matsayin cikas ba. Ganuwa ce a gare su. Masana tarihi sun rawaito cewa Muhammadu Kanta, wanda ya gina Surame a ƙarni na 16, yana da jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, mai matuƙa hamsin, wanda yake zagaya ƙasarsa da shi in ruwa ya cika. Bayan da Birnin Kebbi ta faɗa hannun masu jihadi a 1805, sarautar Kabi ta koma Argungu, kuma fadamar ce ta taimaka musu suka riƙe garin har ƙarshen ƙarni na 19. Rundunar dawaki ba ta da dabara a cikin laka.

Abin da ya fi jan hankalina a wancan zamani shi ne, kowane mashigi yana da mai shi. Akwai Sarkin Ruwa, akwai masu fito da suka gaji sana'ar, akwai masunta da ke kwana su tashi a bakin gulbi. Mai fito ya san inda gurbi yake, ya san inda yashi ya taru bana wanda babu shi bara. Da asuba zai duba launin ruwa da irin shara da yake ɗauke da ita, ya gane ko an yi ruwan sama can wajen Zamfara ko Gobir kwana biyu da suka wuce. Yana da sandar gwangwala da yake auna zurfi da ita. Mafi girma duka, yana da ikon ya ce a'a. Madugu zai zo da gaggawarsa da kuɗinsa, mai fito ya ce, "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe, yau ruwa bai ba da hanya ba." Kuma magana ta ƙare ke nan, domin in jirgi ya kife, shi ma yana ciki, sunan gidansu kuma shi zai ɓaci a gaban Sarki.

Kada a ɗauka ina cewa wancan zamani ya fi wannan. Mutane sun nutse. Kada da dorina sun yi ɓarna. Mace mai doguwar naƙuda takan cika a bakin gulbi ana jiran gari ya waye, manomi kuma yakan sayar da shinkafarsa a wulaƙance don ba shi da hanyar kai ta kasuwa. Tsofaffin da suka ga zuwan gada suna ambatonta da godiya ga Allah, kuma suna da gaskiya. Daga zamanin Turawa zuwa shekarun arzikin man fetur, sannan bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agustan 1991, an yi ta cike fadama da ƙasa ana shimfiɗa kwalta, ana barin kafofin ruwa da gadoji da kwalbatoci. Tafiyar yini ta koma ta minti talatin. Masu fito suka jingine filafili, 'ya'yansu suka koma acaɓa da tuƙin mota.

Sai dai da mai fito ya bar bakin ruwa, babu wanda ya maye gurbinsa wajen dubawa. Gada ta zama ta gwamnati, gwamnati kuma tana da nisa. An ɗauka abin da aka zuba da kankare da rodi ya gama magana har abada.

Gulbin kuwa bai tsaya yadda aka bar shi ba. An kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima ta biyo baya a shekarun 1980. Tun daga nan cikar ruwa da janyewarsa suka daina bin tsohon lissafin da masunta suka haddace. An sare dazuzzukan da ke riƙe ƙasa a tudu, yashi ya gangaro ya cike cikin gulbi, ruwan da a da yake da zurfin da zai bi, yanzu sai ya bazu ya nemi hanya. Abin da ke bi ta kan gadojin shi ma ya canza. An gina yawancinsu a lokacin da babbar mota ita ce mai bodin katako. Yau tireloli ne da tankoki, ɗauke da siminti da mai da shanu da albasar Aliero. Bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, nauyin da ke ratsa fadama ya ƙaru sosai. Alheri ne ga jiha, amma ginshiƙan da ke ɗauke da shi su ne dai na jiya.

Wannan ne ya sa labarin Baltimore ta ƙasar Amurka bai zame mini baƙo ba. A daren 26 ga Maris 2024, wani jirgin dakon kaya mai suna Dali, tsawonsa kusan mita 300, wuta ta ɗauke masa yana fita daga tasha, ya tafi ba linzami ya daki ginshiƙin gadar Francis Scott Key. Cikin daƙiƙoƙi gadar ta zube. Ma'aikata shida da ke cike ramukan titi a kanta suka rasu. An buɗe gadar a 1977, kuma a 1980 wani jirgi ya taɓa dukan ta, ta tsaya daram, domin jiragen wancan lokaci ba su kai rabin girman na yanzu ba. A wannan shekara ta 1980 ɗin ce wani jirgin ya rushe gadar Sunshine Skyway a Fulorida, mutum 35 suka mutu, abin da ya sa daga baya aka fito da ƙa'idojin kare ginshiƙai. Amma ƙa'idojin sababbin gadoji suka kama, tsofaffin aka bar su yadda suke. Sai a 2025 hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta lissafa gadoji 68 da ta ce a gaggauta auna haɗarinsu. Jirage sun yi ta girma shekara arba'in a gaban idon kowa, gadar tana nan da ƙarfin ranar da aka gina ta.

Abu ɗaya ya rage yawan gawa a wannan dare. Matuƙan jirgin sun yi kiran gaggawa, 'yan sandan da ke bakin gadar suka tare motoci kafin ta faɗi. Akwai mai kallo, akwai kuma mai ikon tsayar da mutane.

Mu a kwarin Rima ba mu da jirgin da zai kai wannan girma. Abin da ke dukan gadojinmu ruwa ne da kayan da yake ɗaukowa: kututturan itace, tarin ciyawa da kainuwa, rufin gidajen da ya cinye. Su taru a jikin ginshiƙi su toshe kafa, ruwa ya taru a baya yana turi. A ƙasa kuma akwai wata ɓarna da ba a gani. Idan ruwa mai gudu ya ci karo da ginshiƙi, yakan murɗa ya riƙa kwashe yashin da ke gindinsa, damina bayan damina, kamar yadda gara ke cin azara daga ciki alhali ɗaki na nan da kyansa. Direba yana wucewa a kan kwalta mai santsi, bai san tushen yana rataye ba. Masu ɗibar yashi da tifa a kusa da gada suna ƙara hanzarta wannan aiki. Sau da yawa ma ba gadar ce ke fara karyewa ba, cikon ƙasar da ya haɗa ta da titi ne ruwa ke yankewa, a wayi gari gada na tsaye ita kaɗai a tsakiyar gulbi.

Mun gani a watan Satumban 2010, lokacin da ruwan da ya kwararo daga wajen Goronyo ya yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Malamai da ɗalibai suka koma shiga kwale-kwale. Wannan ruwa bai tsaya nan ba, ya gangaro ta Augie da Argungu ya cinye gonaki da ƙauyuka. Shekara goma bayan haka, a daminar 2020, Kebbi ta ga abin da ya fi shi. Hukumomi suka ce an yi asarar shinkafa a fili mai faɗin hekta kusan 450,000, gadoji da hanyoyi da dama suka yanke, har da hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta Dukku zuwa Makera. A waɗannan makonni, jikokin masu fito ne suka riƙe jama'a. Aka fito da jiragen da ke jingine, aka ɗora babura da buhuna da marasa lafiya.

A nan kuma wani sabon haɗari yake. Jirgin yau ba na gungume ɗaya ba ne. Na katako ne, dogo, da inji a bayansa, yana ɗaukar mutane da yawa, kuma mai tuƙa shi sau tari yaro ne da aka ba haya, wanda abin da ke gabansa shi ne ya cika kuɗin mai jirgi kafin magariba. Ba shi da bakin da zai ce wa fasinja ya sauka. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150 da babura da buhunan ƙasa daga wurin haƙar zinari. Ya tsage a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Har yau in an ambaci Wara a Yawuri, fuskoki sukan canza.

Karon jirgi da gada ma ya faru a ƙasar nan. A watan Oktoban 2022, a Ogbaru ta Jihar Anambra, injin wani jirgi da ke ɗauke da masu gudun ambaliya ya mutu, ruwa ya ja shi, rahotanni suka ce ya daki gada ya kife, kuma fadar shugaban ƙasa ta ambaci mutum 76 da suka rasu. Duk wanda ya san gadojin fadamarmu ya san irin wannan na iya faruwa a nan. Gajeru ne. In ruwa ya cika, tazarar da ke tsakaninsa da cikin gada takan ragu har mutum ya sunkuya kafin ya wuce, kuma a daidai nan ruwan ya fi gudu saboda ƙuncin kafa. Jirgi mai lodi da injinsa ya tsaya a wannan wuri ba shi da mafita.

Hukumomi kuwa ba su yi kaɗan ba. Manyan tituna na tarayya ne, akwai hukumar gyaransu ta FERMA. Wasu hanyoyin na jiha ne. Jiragen ruwa na ƙarƙashin hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja, madatsun kuma na hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Kowacce da nata yanki, amma ginshiƙin da ke tsaye cikin ruwa yana taɓa dukkansu, shi ya sa yake da sauƙin mantawa. A ganina abin da ya ɓace mana shi ne mutum guda mai suna, wanda za a nuna a ce gadar nan a wuyansa take, wanda yake da ikon ɗaure igiya a bakin titi ya ce yau ba mai wucewa, ko da ayarin wani babba ne ya taho.

Irin waɗannan mutane ba su ƙare ba. Sarkin Ruwa na nan a Argungu, kuma masuntan da ke cika gulbin Matan Fada da gora da koma sun san gindin kowane ginshiƙi fiye da mai zuwa daga ofis sau ɗaya a shekara. Za a iya haɗa su da injiniyoyi, a ba su alawus da lambar wayar da za a ɗauka in sun kira, a zana ma'auni da jan fenti a jikin kowace gada wanda direba da matuƙin jirgi za su iya karantawa. An ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a 2024, kuma za ta ratsa Kebbi da sababbin gadojinta. Ina fata ta yi albarka. Amma manomin Augie da mai kai haihuwa daga Makera za su ci gaba da bin tsofaffin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin duba su shi ne Maris da Afrilu, sa'ad da ruwa ya janye, mutum zai iya sauka ƙarƙashin gada da ƙafarsa ya ga tsagar kankare da rodin da ya yi tsatsa, ya soka sanda a gindin ginshiƙi ya ji zurfin ramin da daminar bara ta haƙa, tun da sauran wata uku a cike shi da duwatsu.