Rajistar Itatuwa

Aikin albashi na farko da na yi a rayuwata shi ne riƙon rajistar itatuwa, a ƙarshen shekarun 1980. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, in an tambaye ta sai ta ce ɗanta akawu ne a jami'a, kuma ba ta yi ƙarya ba. Lambun tsirrai ne na wata jami'a a Arewa, da ɗan ɗaki a gefensa inda ake ajiye busassun ganyaye da furanni da aka manna a takarda. Nawa aikin shi ne in san kowane itace da ke cikin shingen nan: yaushe ya shigo, wa ya kawo shi, daga ina, a wane lungu aka dasa shi, yana raye ko ya mutu.

Dakta, malamin da ke kula da wurin, bai ɓata lokaci wajen cusa mini sunayen Latin ba. Ya ce waɗannan za su zauna da kansu. Abin da ya dage a kai shi ne lamba. Duk abin da ya shigo lambun rana ɗaya daga wuri ɗaya, iri ne a ambulan, reshe ne aka yanko, ko dashe ne a leda, lamba ɗaya ake ba shi: shekarar shigowa, sannan jerinsa a cikin shekarar. In iri goma suka tsira daga ambulan ɗaya, lambarsu ɗaya, sai a bambanta su da harafi a ƙarshe. Lamba kuma ba a gadonta. In itace ya mutu ba a goge shi daga littafi, ba a ba wani lambarsa. Sai a rubuta ranar da aka tarar ya bushe, da abin da ake zaton ya kashe shi.

Shafukan matattun nan sun koya mini abu mai yawa. A cikinsu na ga yadda itatuwan kurmin Kudu kan yi kyau a daminar farko, hunturu na biyu ya kwashe su. Na ga tarin irin da aka roƙo daga Turai ta hanyar ɗan littafin nan da lambunan duniya ke aika wa juna kowace shekara, Index Seminum, yawancinsu ba su tsallake bazara ba. Wanda ya karanta shafukan ba zai sake zuba ruwan rani a kan abin da magabatansa suka gwada ya ƙi ba.

A 1987 aka kafa wata sakatariya a Ingila don haɗa kan lambunan tsirrai na duniya, wadda yau ake kira BGCI, kuma a shekarar ce aka fitar da ƙa'idar yadda lambuna za su riƙa musayar bayanai. Da takardar ta iso hannun Dakta, sai ya ɗauki rula da jan biro ya ƙara wani siririn layi a gefen kowane shafi, wanda harafi ɗaya kawai ke shiga. W na nufin an ɗauko tsiron kai tsaye daga daji. Z na nufin ɗan wanda aka ɗauko daga daji ne, amma a lambu aka same shi. G na wanda asalinsa lambu ne ko gonar dashe. U kuwa na wanda ba a san daga inda ya fito ba. Ya miƙo mini littafin ya ce in koma shafin farko in cike. Ya ƙara da cewa, “Itacen da ba a san asalinsa ba, inuwa kawai muke samu a wurinsa.”

Da na fara sai na ga U tana neman cinye littafin. Waɗanda suka riƙe rajistar kafin ni, wasu sun yi aiki tsakani da Allah, wasu kuwa “daga daji” kawai suka rubuta, ko sunan lardi guda, kamar lardin gona ce. A fili ma abin ba sauƙi. Lambar kowane itace ana buga ta da guduma a kan ɗan fallen alminiyam, a ɗaura da waya. Itacen yana girma sai ya haɗiye wayar. Yara su tsinke wasu, gobarar hunturu ta ƙone wasu, 'yan gwangwan su tafi da sauran. Daga baya muka riƙa yin biyu, ɗaya a jiki, ɗaya a binne a gindi ta arewa. Katunan da ke cikin ɗaki kuwa gara ce abokiyar gabarsu, har sai da muka tsoma ƙafafun kabad a gwangwanayen baƙin mai.

Wanda ya rage mini yawan U shi ne Baba, shugaban ma'aikatan lambu. Bai yi boko ba, amma tun ana haƙa ramukan farko yana wurin. Da yamma, in an gama ban ruwa, sai in ɗauki littafin in bi shi.

“Baba, wannan ɗorawar fa?”

“Ta bakin rijiya? Ai ni na ɗebo kalwarta, ɗana. Shekarar babban fari, a hanyar Birnin Gwari, gefen wani rafi da ya ƙafe. Uwar tana nan kusa da wata tsamiya mai kogo.”

Babban farin da yake nufi shi ne na 1973, lambar ɗorawar kuma da 1974 ta fara. Magana ta zo daidai. Haka muka bi lambun lungu-lungu: maɗaci, marke, ƙirya, taura, kanya, ɗinya. Wani ya tuna, wani ya girgiza kai ya ce Bature ne ya zo da shi a bayan mota, bai faɗi daga ina ba. Ban taɓa jin ya ƙirƙiro wa itace asali don ya faranta mini ba. Daga baya ya fito mini da wani ɗan littafi da ya sha hannu, inda yake rubuta ranakun dashe da ajami, da lissafin watannin Musulunci. Na yi ta zama da kalanda ina mayar da Rajab da Sha'aban zuwa watannin Bature, kuma ta haka aka gyara shekarun itatuwa da dama.

Dakta ya yarda da duk wannan, amma da sharaɗi. Abin da ya fito daga bakin Baba da fensir za a rubuta, a sa “in ji shugaban ma'aikatan lambu”, da ranar da ya faɗa, da sunan wanda ya ji. Abin da aka rubuta ranar da itacen ya shigo shi ne na tawada. Ba raini ba ne. Irin abin da malaman hadisi suke yi ne da isnadi: ka faɗi maganar, ka kuma faɗi ta bakin wa ta zo, don wanda zai zo bayanka ya auna da kansa. Har yau ban ga ƙa'idar riƙon bayanai da ta fi wannan ba.

A kan teburina akwai littattafai biyu da ba sa komawa kanta. Ɗaya shi ne Flora of West Tropical Africa na Hutchinson da Dalziel, bugu na biyu da aka yi ta fitarwa daga 1954 zuwa 1972. Ɗayan kuma na Dalziel ne shi kaɗai, kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma, na 1937. Shi Dalziel likita ne ɗan Sukotland da ya yi aiki a Arewa, kuma tun 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Ina girmama aikinsa ƙwarai. Amma duk lokacin da na buɗe shi nakan tuna cewa ilimin da ke ciki daga bakin manoma da makiyaya da masu magani irin su Baba ya fito, sunan mutum ɗaya kuma ke bango. Shi ya sa layin “in ji wane” bai taɓa zame mini nauyi ba.

Sunayen Latin ɗin da ake ɗauka kafaffu ne, su ne suka fi komai yawo. A tsofaffin katunanmu ɗorawa Parkia clappertoniana ce, sunan da ke tuna Clapperton, matafiyin nan da ya rasu a Sakkwato a 1827. Daga baya masana suka ce ita da Parkia biglobosa abu ɗaya ne. Kaɗanya ta tashi daga Butyrospermum ta koma Vitellaria paradoxa. Gawo, mai zubar da ganye da damina ya yi tofo da rani, ya bar Acacia albida ya zama Faidherbia albida. Babban taron masana tsirrai da aka yi a Biyana a 2005, wanda na Melbon ya tabbatar a 2011, ya bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia, sai bagaruwa ta zama Vachellia nilotica, dakwara mai ƙaro ta zama Senegalia senegal. Sunan Hausa ma ba ya warware komai shi kaɗai, domin kalgo iri biyu ne a wajen masana, darbejiya kuma wani gari dogon yaro ce, wani gari maina. Wanda ya jera katunansa bisa suna, duk sauyi sai ya birkita kabad. Mu da lamba muka jera, sai dai a ja layi ɗaya siriri a kan tsohon suna yadda za a iya karanta shi, a rubuta sabon a sama, da wanda ya tantance da shekarar.

Kwamfuta ta iso mana a shekarun 1990. Muna jin labarin manhajojin da aka ƙera musamman don wannan aiki, irin BG-BASE da aka fara a 1985 a lambun itatuwa na Arnold a Amurka, da BRAHMS ta Jami'ar Okusfod, amma mu da dBase muka fara, ga ƙarar janareta, ga faifan fulofi da ƙura da zafi ke lalatawa. Ta yi amfani, ba na musu. Tambayar da a da take cin yini, kamar a ce a lissafo duk dangin wake da suka fito daga daji, yanzu kafin shayi ya huce an samu amsa. Ta kuma tona mana asiri: Zaria da Zariya da Zazzau wurare uku ne a wurinta, ba ta da ɗ da ƙ, kuma ba ta da fensir. Sai da muka ƙirƙiro wani fili na daban don maganganun Baba, kada su shige cikin na tawada a rasa bambancinsu.

Abin da ya dame ni a lokacin, kuma yake damuna har yanzu, shi ne yadda masu rabon kuɗi ke saurin sayen na'ura, amma albashin wanda zai riƙa zagayawa da littafi ya gagara. Kwamfuta ba ta san itace ya mutu ba sai mutum ya taka ya je ya gani. Tun da aka kafa GBIF a 2001, bayanan lambu ɗaya na iya isa ko'ina a duniya ta intanet, wato kuskuren akawu ɗaya ma haka zai isa. Na ga lambunan da allon kwamfutarsu ke nuna itatuwa tsaye, alhali an daɗe da gina ajujuwa a wurin.

Na bar aikin da jimawa lokacin da maganar madobiya ta taso. A zamanina itace ne na yau da kullum a dazukan tsakiyar ƙasar nan, mai furanni ruwan ɗorawa da rani, wanda Fulani ke sassabe wa shanu ganyensa in ciyawa ta ƙare. Ba wanda ke tsayawa kallonsa a lambu. Sai ga kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin ta gano jan katakonsa. A shekarun 2010 tireloli suka riƙa fitar da gungumensa daga Taraba da Kogi da maƙwabtansu zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas. A 2016 aka sa shi cikin jerin da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a kasuwanci, a 2018 kuma ƙungiyar IUCN ta lissafa shi cikin masu fuskantar haɗarin ƙarewa.

A wannan tsakanin ne yarinyar da ke riƙe da rajistar yanzu ta kira ni. Wasu masu aikin raya daji suna neman irin madobiya, amma wanda aka san daga wane yanki iyayensa suka fito, domin irin da ya saba da ruwan wani wuri ba lalle ya yi a wani ba, kuma dajin da aka raya da 'ya'yan uwa ɗaya ba ya jure cuta. Ta ce, “Baba, akwai rubutun fensir a nan da ya dushe, an ce hannunka ne.”

Na je. Madobiyoyin lambun sun zama manya. Wasu U ce a gabansu, masu neman irin suka wuce su ko waiwaye babu, duk da su ne suka fi yawan 'ya'ya. Wasu W ce da tawada, da sunan ƙauye da nisan mil daga titi. Ɗaya kuma W ce da fensir, in ji shugaban ma'aikatan lambu, wanda a lokacin ya riga mu gidan gaskiya. Na karanta mata, ta sake rubutawa a kwamfuta yadda yake, har da ranar da ya faɗa. Baƙin suka yi shawara suka karɓa, suka kwafe bayanin duka.

Irin da aka tsinta ya tafi da harafin Z, da lambar uwar kowanne a jikin ambulan. Yarinyar ta ƙara wani layi da ban ce ta ƙara ba: tunda itatuwan suna kusa da juna kuma ƙudan zuma na yawo tsakaninsu, an san uwa, ba a tabbatar da uba ba.