Fuskoki Goma Sha Huɗu da Ba Su da Suna

Duk ranar Asabar, tun gari bai gama wayewa ba, dattijon yakan ɗora rigar sanyi bisa kaftaninsa ya nufi kasuwar Portobello, a yammacin birnin Landan, inda dillalan tsofaffin kaya suke baje hajarsu. Mutumin Damagaram ne. Aikin tafinta ya kai shi Ingila, ya kuma zaunar da shi can shekara 30 da ɗoriya. Da fari ƙananan tarkace yake saye: lambobin yabo na tsofaffin sojoji, da kofunan tangaran da aka yi domin tunawa da naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953. Daga baya hotunan fentin mai suka kama shi, kamun da ba su sake shi ba.

Aikin Gainsborough ko na Reynolds, ko a mafarki albashin tafinta bai kai can. Nasa su ne waɗanda takardar gwanjo take cewa kawai hoton wani bawan Allah ne, na ƙarni na 18 ko na 19, ba sunan wanda aka zana, ba sunan mai zanen. A wancan zamani, kafin na'urar ɗaukar hoto, attajirin ƙauye ko limamin coci in ya ji ya isa sai ya kira mai zane ya zauna masa. Jikoki suka gaji hoton, tattaɓa-kunne suka manta ko wane ne, ranar da aka sayar da gidan kuwa aka haɗa kakan da kujeru aka yi musu kuɗi.

Wani tsohon dillali ne ya koya masa cewa bayan hoto ya fi gabansa faɗin gaskiya. Sai ya juya shi ya duba ƙyallen, ko shi kaɗai ne ko an manna masa sabo don ƙarfafawa. Ya duba ƙusoshi, da alamar allin ƴan gwanjo, da guntun takardar da wani ya liƙa tun tuni. Man da ake shafawa bisa fenti yana rinewa da tsufa, har farar riga ta koma launin zuma, fentin kuma ya tsattsage kamar ƙasar tabki a bazara. Masu jabu su ma sun san wannan, sukan gasa sabon zane don ya tsage. Sau biyu aka cuce shi, bai kuwa gaya wa kowa ba.

Uwargidansa ba ta taɓa yin na'am da abin ba. "Malam," takan ce, "an ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto, kai kuma ka tara mana mutum goma sha huɗu da ba mu san asalinsu ba." Suka daidaita a kan ɗaki guda, nesa da inda ake salla.

A 2011 ya shiga gidan adana hotunan fitattun mutane na Landan don ya ga wani hoto da ake ta maganarsa. Ya tarar da fuskar da ya saba gani a zaurukan gida: baƙin mutum da farin rawani da farar riga, Alƙur'ani a jar gafaka rataye a wuyansa. Ayuba Sulaiman Diallo ke nan, Bafillace daga ƙasar Bundu, a gabashin Senegal ta yau. A 1731 aka kama shi kusa da kogin Gambiya, aka sayar da shi, aka kai shi gonar taba a Maryland ta Amurka. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ta faɗa hannun James Oglethorpe a Landan, wanda ya ɗauki nauyin fam 45 na fansarsa. A 1733 William Hoare ya zana shi. Ayuba ya nemi a zana shi da tufafin ƙasarsu, da yake kuwa mai zanen bai taɓa ganin irinsu ba, da baki ya kwatanta masa. A 1734 ya koma gida.

Hoton ya daɗe a hannun wani iyali kafin a fito da shi gwanjon Christie's a Disamba 2009, inda hukumar gidajen tarihi ta Katar ta saye shi. Gwamnatin Ingila ta dakatar da fitar da shi, aka shiga neman fam 554,937 don a riƙe shi, wato wajen miliyon 400 na kuɗin sefa a lokacin. A ƙarshe Katar ta ba da aronsa.

Dattijon ya jima a tsaye yana lissafi. Nasa goma sha huɗun masu gida da gona da barori ne, ga shi ba wanda ya san sunan ko ɗaya. Wanda aka ɗaure aka sayar, alƙalaminsa ya tsare masa nasa. Sai dai lissafin yana da wani gefe mai ɗaci. Abin da ya kai Ayuba bakin kogin tun farko, sayar da bayi biyu na mahaifinsa ne. Su ba wanda ya zana su, ba kuma wanda ya rubuta yadda ake kiran su.

Da lokacin komawa gida ya zo, ƴaƴansa suka ce ba su da wurin ajiye baƙin fuskoki, shi kuma ya san abin da zafin Damagaram da ƙurar hunturu da gara za su yi wa tsohon ƙyalle. Ya mai da goma sha uku gwanjo, kuɗin bai kai abin da ya kashe ba. Ya riƙe guda, hoton wata tsohuwa mai farar hula, wadda wani ya fara rubuta sunanta a baya da tawada, ruwa ya cinye ya bar harafi biyu. Kofunan Sarauniya kuwa Hajiya ce ta naɗe su da kanta cikin zannuwanta, ta ce ai su ana shan shayi da su.