Daga Zauren Kona Zuwa Ƙofar Samaru

A wannan mako Allah ya nufe mu da zuwa Zariya, ba kuwa don kasuwanci ko zumunci ba. Wani aminimmu ne, falke mai sayar da yadi a Kano, ya roƙe mu mu raka shi. Ɗansa na fari ya sauke Alƙur'ani, ya kuma gama makarantar sakandare ta Larabci, ga shi yana son karatun shari'a a jami'a, shi kuwa Alhaji bai san ta inda ake shiga ba. Ya ce da mu ya san hanyar Legas da ta Kwatano kamar tafin hannunsa, amma ta Samaru ta shige masa duhu.

Mun iso da hantsi, hazon hunturu bai gama washewa ba. Maimakon mu zarce jami'a, sai muka ce wa direba ya shiga da mu birni ta Ƙofar Doka, domin wanda yake son ya fahimci ilmin Zazzau, daga cikin ganuwa ya kamata ya fara. Muka wuce ta gefen fada da tsohon masallacin Jumma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, sa'an nan muka gangara Unguwar Kona. Kowa ya san Kona da Unguwar Juma a kan karatu. Har yanzu za ka tarar da malami a zaure bisa buzu, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da littafinsa: wannan Ahalari, wancan Risala, manya kuwa Muhtasar. Ɗalibi yana ja, malami yana fassarawa. Babu rajista, babu ƙararrawa, babu kuɗin zango. Abin da babu kuma shi ne takardar shaida irin wadda ofishin gwamnati yake ganewa, kuma a nan ne maganarmu ta yau take.

Daga wannan zaure zuwa ƙofar jami'a a Samaru bai kai mil goma ba. Amma ran 4 ga Oktoba 1962, sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai 426, masanin nahawu da fiƙihu na Kona ya fi yaron Legas nisa da wannan ƙofa. Ba ma almajirin zaure kaɗai ba. 'Yan boko na Arewa su ma ba su da yawa, makarantun sakandare ana ƙirga su da yatsu, waɗanda kuwa suke da azuzuwan nan biyu na sama da ake shiga jami'a da su sun fi ƙaranci. An gina rijiya, ga ruwa, amma masu guga kaɗan ne. Da jami'ar ta zauna a Samaru tana jiran masu cikakkiyar takarda su zo, da ta daɗe tana jira. Abin da ta yi shi ne ta fita ta nemi makarantu inda suke, ta ƙulla hulɗa da su. Mun ga alamun wannan fita a duk inda muka bi a ranar.

Da muka fito birni muka ratsa Tudun Wada, sai Kongo. Nan ne tsohuwar Cibiyar Koyon Aikin Mulki, wadda ta girmi jami'ar kanta, inda aka horar da akawuna da ma'aikatan En'e. Bayan da aka kafa sabuwar dokar laifuffuka ta Jihar Arewa a 1960, nan aka riƙa kawo alƙalai, dattawa masu rawani waɗanda suka yi karatunsu a zaure, ana yi musu kwas. Daga baya aka buɗe Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a wannan haraba, mai ba da difloma, wadda ta zama tsani ga masu Larabci da yawa zuwa digirin lauya. Yaron Alhaji ya tsaya yana duban ginin tsangayar shari'a, bai ce kome ba. Can gefe a Gyallesu kuwa ga tsohuwar Babbar Kwalejin Horon Malamai da aka buɗe a 1962, wadda ta yi shekaru da yawa a ƙarƙashin kulawar jami'ar.

Kafin mu ƙarasa Samaru ya kamata mu waiwaya Kano kaɗan, domin tushen abin yana can. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar shari'a a Kano da malamai daga Sudan, a 1947 aka mai da ita Makarantar Koyon Larabci. Marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ɗalibinta ne. A cikin harabarta aka fara kwalejin da ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero, reshen jami'ar Zariya, har ta tsaya da ƙafarta a 1977 da sunan Jami'ar Bayero. Watau a Kano ba jami'a ce ta haifi makaranta ba, makarantar Larabci ce ta haifi jami'a. Wannan abu ne da 'yan boko da yawa suka manta.

To, muka kama hanyar Sakkwato, muka wuce Kwangila da Hanwa, sai ga dogon ginin majalisar jami'a yana leƙo mu. A cikin harabar, wurin da ya fi jan hankalimmu ba shi da wani tsayi ko ado: Cibiyar Ilmi, wadda aka kafa a 1965. Tarihinta da makarantun Larabci ga yadda yake. A 1960 gwamnatin Sardauna, Allah ya jiƙansa, ta kafa hukumar kula da karatun Larabci da addinin Musulunci a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi. Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, sai hukumar ta zama marainiya, domin babu jiha ɗaya da za ta ce tata ce. Jami'a ta ɗauke ta ta riƙe a wannan cibiya. Daga nan aka riƙa tsara manhaja, ana shirya jarrabawa, ana duba makarantu, ana ba da takardar shaida mai hatimin jami'a. Makarantar da wani attajiri ko wata ƙungiya ta gina a Gusau ko Ilori, in ta cika sharaɗi ta yi rajista, ɗalibanta sun sami takardar da za su nuna. Shekara arba'in da 'yan kai jami'a tana riƙe da wannan amana, sai a 2011 Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince da hukumar a matsayin mai shirya jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya, ita ce ake kira NBAIS. Takardarta ce ɗan Alhaji ya zo da ita a cikin jaka.

A ganimmu wannan shi ne aiki mafi girma da Samaru ta yi wa masu karatun addini, ko da yake ba a cika ambatonsa ran bikin yaye ɗalibai ba. Ba ta ce su bar Larabci su dawo boko daga farko ba. Ta auna abin da suka sani, ta ba shi daraja, ta gaya musu abin da ya rage.

Ga 'yan sakandaren boko kuma an yi wata dabara. A zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe jami'ar daga 1966 zuwa 1975, aka buɗe makarantar share fage a cikin Samaru, inda yaron da ya gama aji biyar zai zauna a ƙara masa karatu kafin ya shiga digiri. Da yawa daga cikin manyan ma'aikatan Arewa na wancan zamani ta wannan ƙofa suka bi, masu karatummu da suka yi ritaya shaida ne. Jihohi suka ga amfanin abin, kowace ta buɗe kwalejinta ta share fage. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya koyar a irin wannan kwaleji a nan Zariya daga 1976. Sai aka ga ba zai yiwu kowace kwaleji ta riƙa yin tata jarrabawa ba. Don haka a 1976, shekara biyu kafin a kafa hukumar JAMB, jami'ar ta kafa jarrabawar haɗin gwiwa da ake kira IJMB. Tsarin mai sauƙi ne: kwaleji ta koyar da darussa uku kimanin shekara guda, jami'a ta tsara manhaja da tambayoyi ta kuma kula da maki, wanda ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Abin dariya, harafin farko na sunan ma'anarsa wucin gadi, ga shi kuwa wucin gadin ya doshi shekara hamsin. Makarantar share fagen jami'ar yanzu tana Funtuwa.

Amma kada mai karatu ya ɗauka hanyar ta zama shimfiɗaɗɗiya. Mun zauna a inuwar wata bishiya kusa da Laburaren Kashim Ibrahim tare da wani malamin jami'a, tsohon abokin karatummu, ya karɓi takardar yaron ya duba. Larabci, Alƙur'ani, fiƙihu, duk ya yi zarra. Turanci ya tsallake da ƙyar. Lissafi ya faɗi. Malamin ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, yaronka malami ne, amma wannan gurbi ɗaya zai tsayar da shi a bakin ƙofa." Ƙa'idar mafi yawan fannoni ita ce cin darussa biyar da kyau, har da Turanci da lissafi, kuma babu wata hulɗa tsakanin jami'a da makaranta da ta ɗauke wannan sharaɗi.

Alhaji ya yi shiru, sa'an nan ya ce shekara shida yana biyan kuɗin makaranta, bai taɓa tambaya ko akwai malamin lissafi ba. Da aka tambayi yaron, ashe shekara biyu na ƙarshe ba su da shi. Ba za mu ambaci makarantar ba, domin ba ita kaɗai ba ce. Muna ganin laifin ya rabu uku. Masu makaranta suna kashe kuɗi a kan gini da fenti, su bar darussan boko a hannun duk wanda ya samu. Masu duba makarantu sun yi kaɗan ga yawan makarantun da aka yi wa rajista. Mu iyaye kuwa, ɗan kasuwa ba ya sayen dila bai kwance ta ya duba ba, amma yakan miƙa ɗansa shekara shida bai leƙa aji ba. Ma'aikata ma da suka san ƙa'idar, sau nawa suke gaya wa 'yan'uwansu na kasuwa?

Malamin ya ƙara mana da wani gargaɗi. Tun da sunan IJMB ya yi kasuwa, masu buɗe cibiyoyi a shago da bene sun yi yawa, ba dukansu ne jami'a ta sani ba. Kafin mutum ya biya ko sisi, ya nemi jerin kwalejojin da aka amince da su daga ofishin jarrabawar a Zariya, kada ya dogara da allon da aka kafa a bakin titi.

Shawarar da aka tsayar ita ce yaron ya sake zaman jarrabawar lissafi, a nema masa malami a Kano na wata shida, tun da jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Muka yi sallar Azahar a babban masallacin jami'a, muka ci abinci a kasuwar Samaru. Alhaji ya ce tun da ya zo nan, ba zai koma ba sai ya ga makarantar Funtuwa da idonsa ya ji sharuɗɗanta daga bakin masu ita. Muka rabu da su a Kwangila wajen La'asar, shi da yaron suka shiga motar Funtuwa, mu kuwa muka tsaya jiran ta Kano ta cika.