Daga Godome Zuwa Akpakpa, Kan Sawun Sessègnon

Duk wanda ya san Godome ya san gadar saman nan da 'yan Sin suka gina, inda hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta yi yamma, ta bi ta Ouidah ta shiga Togo. Ɗayar ta miƙe arewa, Calavi, Bohicon, Parakou, har Malanville a bakin iyakar Nijar, wato hanyar da albasarmu da shanunmu da baƙinmu suke saukowa. A wannan wata mun juya wa hanyoyin biyu baya, mun fuskanci gabas, don mu ratsa Kwatano daga wannan baki zuwa wancan muna bin sawun mutum ɗaya, Stéphane Sessègnon, wanda ya daɗe yana riƙe da kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Benin.

Dalilinmu shi ne yaran da muke koyarwa. In ka tambayi ɗan aji shida abin da yake so ya zama, da wuya ya ce likita ko malami. Turai yake hange, da takalmin ƙwallo a ƙafa. To, tun da haka ne, gara iyaye su san yadda hanyar take a wurin wanda ya bi ta har ƙarshe.

An haifi Sessègnon ranar 1 ga Yuni 1984 a Allahé, cikin ƙasar Za-Kpota, ba nisa da Bohicon. Ka ga ke nan waccan hanya ta arewa da muka bari, ita ce ta garinsu.

Daga gadar, ɗan zemijan mai rigar ɗorawa ba ya daɗewa ya sauke ka a Kouhounou, gaban babban filin wasa na Stade de l'Amitié. Shi ma aikin 'yan Sin ne, an buɗe shi a 1982, aka ƙara masa sunan Janar Mathieu Kérékou bayan rasuwarsa a 2015. Nan ne mutanen Kwatano suka riƙa ganin Sessègnon ido da ido, sau 'yan kaɗan a shekara, in ƙasa ta kira shi. A nan Benin ta ci Aljeriya 1 da 0 a watan Oktoba na 2018, Aljeriyar da ta je ta ɗauki Kofin Afirka bayan wata tara. A nan kuma aka ci Togo 2 da 1 a watan Maris na 2019, aka sami kujerar zuwa Masar.

Ba mu iya wuce wannan fili ba mu tuna Janairun 2005 ba. Benin ce ta karɓi baƙuncin gasar matasan Afirka, Nijeriya ta ci mu 3 da 0 a wasan farko, daga nan wasu suka far wa mai tsaron gidanmu, Samiou Yessoufou, yaro ɗan shekara 18, da duka, ya rasu. Abokansa suka daure suka ƙarasa gasar, suka zo na uku. Duk uban da ke ganin ƙwallo wasa ne kawai, ya riƙe wannan a ransa.

Wani abin takaici kuma, akwai lokacin da filin ya daina karɓar manyan wasanni. A watan Yuni na 2024 Benin ta ci Nijeriya 2 da 1 a wasan neman zuwa Kofin Duniya, wasan gida ne a takarda, amma a Abijan aka buga shi. Sunan ƙungiyar ma ya canja tun 2022, daga Écureuils, wato kurege, zuwa Guépards, dabbar dawan nan mai kama da damisa da ta fi kowace dabba gudu. Wai kurege ba ya ba abokin gaba tsoro. Mu dai Hausawa mun san kurege da wayo, kuma da wayon nan aka yi abin da aka yi a 2019.

Ga yadda aka yi. A Masar, ƙarƙashin mai horarwa Michel Dussuyer, Benin ta yi kunnen doki sau uku, 2 da 2 da Ghana, babu ci da Gini Bisau, babu ci da Kamaru. Sai aka haɗa ta da Maroko, kowa ya ce an gama. Moïse Adiléhou ya ci, Maroko ta rama, ana dab da tashi aka ba su fenariti, Hakim Ziyech ya buga ta daki ƙarfe. Aka kori Khaled Adénon a ƙarin lokaci, mutum goma suka tsare gida har aka je bugun fenariti, Benin ta ci 4 da 1. Senegal ce ta fitar da mu da ci ɗaya. An kai zagayen ƙungiyoyi takwas ba tare da an ci wasa ko ɗaya cikin minti 90 ba, Sessègnon yana da shekara 35, bayan ya buga gasar 2008 a Ghana da ta 2010 a Angola an dawo hannu rabbana.

Daga Kouhounou sai shataletalen Étoile Rouge, jan tauraron da zamanin juyin juya hali ya bar mana, sai Zongo. Mun yi azahar a babban masallaci, muka zauna majalisar masu shayi. A irin waɗannan majalisu da gidajen kallo ne mutanenmu suka san sauran rayuwar Sessègnon, ta talabijin. Ya tafi Faransa a 2004, ya fara da Créteil a rukuni na biyu, shekara biyu. Ya koma Le Mans, shekara biyu. A 2008 Paris Saint-Germain ta ɗauke shi, suka ci Kofin Faransa a 2010. A Janairun 2011 Sunderland ta Ingila ta saye shi kan kuɗi wajen fam miliyan 6, kuma a kakar 2011 zuwa 2012 shi aka zaɓa gwarzon ƙungiyar. A 2013 ta sayar da shi ga West Bromwich, wasansa na farko ya faɗo da Sunderland ɗin, ya kuwa zura musu ƙwallo. Bayan nan Montpellier a 2016, Gençlerbirliği ta Turkiyya a 2018, daga ƙarshe har tsibirin Malta.

Gajere ne, mai ƙarfin ƙugu, in ya juya da ƙwallo sai a bar mai tsaron baya yana lalube. Masu shayi sun raba gardama a kansa, wasu na cewa da ya yi haƙuri a Paris da ya fi haka nisa. Mu a ganinmu shekara biyar da rabi a babban rukunin Ingila ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya fito daga ƙwallon Kwatano. Ƙwallo 24 ya ci wa ƙasarsa. A Zongo dai, ranar da Benin ta haɗu da Nijeriya ko Nijar, benci ɗaya kan rabu biyu, uba na can, ɗa na nan, sai an kira magariba a sasanta.

Muka tsallaka gada zuwa Akpakpa, filin René Pleven, inda ƙungiyar Requins de l'Atlantique take wasa lokacin da Sessègnon ya sa rigarta a kakar 2003 zuwa 2004. Ƙaramin fili ne. Nan ne mafarin duk abin da muka lissafa, amma zamansa a nan bai wuce ɗan lokaci ba, sauran shekarun ƙarfinsa duk wasu ƙasashe suka ci moriyarsu.

Wannan ya tuna mana da ƙasar Ayalan da wasansu na rugbi, mai ƙwallo kamar ƙwai da ake ɗauka a hannu. Bayan wasan ya zama sana'a a 1995, hukumarsu ta tsara abin ta yadda manyan 'yan wasa za su zauna gida, a ƙungiyoyin larduna huɗu, Leinster, Munster, Ulster da Connacht, ita da kanta take biyan fitattun cikinsu. Wanda ya tafi waje, galibi ya yi sallama da rigar ƙasa. Johnny Sexton ne aka ɗaga wa ƙafa lokacin da ya je Racing ta Paris daga 2013 zuwa 2015. Saboda haka yaron Dublin yana iya biyan kuɗin ƙofa ya ga gwaninsa a garinsu. Mu ba mu da kuɗin da za mu riƙe kowa, kuma babu mai hankalin da zai ce da Sessègnon ya ƙi Créteil ya zauna Akpakpa. Amma a lura, daga cikin ɗimbin yaran da suka yi zamani da shi a wannan fili, sunaye nawa muka sani yau? Waɗanda suka bar lakwal saboda ƙwallo, ba a rubuta nasu labarin a jarida ba.

La'asar sakaliya muka tarar da wasu yara a wani fegi bayan filin, sun kafa duwatsu biyu a matsayin raga. Mun ƙirga riguna: Real Madrid uku, Barcelona biyu, Chelsea ɗaya, sauran tsirara daga ƙugu zuwa sama. Muka tambaye su Requins, ɗaya ne kawai ya nuna mana katangar filin da hannu.